Abin da Laminu Ya Ƙi Ɗora wa Kawunsa

Cikin duk ranakun da na yi a aikin tafinta akwai guda da har yau ba ta bar kaina ba, ranar da wani mai neman mafaka ya gyara wa kotu labarinsa da bakinsa, ni kuma ina zaune a gefensa ina mayar da gyaran Faransanci. Ku sababbin shiga kun tambaye ni mene ne mafi wuya a wannan aiki, wai ko kalmomin likita ne ko na shari'a. Kalma ai ana nemanta a samu. Bari in ba ku wannan labari ku auna da kanku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Isufu, mutumin Damagaram ne, Musulmi. Karatu ya kawo ni Lyon a ƙasar Faransa, karatun ya ƙare ni ban ƙare da garin ba. Ina yin tafinta tsakanin Hausa da Faransanci a asibiti, a ofisoshin gwamnati, wani lokaci kuma a kotun da ke sauraren ƙarar masu neman mafaka a can wajen Paris. Ƙa'idar aikinmu gajera ce: abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ba ragi ba ƙari, kuma ba ka ba kowa shawara. Kowa yana haddace ta a ranar farko, kamar yadda ku ma kuka haddace.

A shekarar da nake ba ku labari sai aka fara yawan turo mini Kiristocin arewacin Najeriya. Nan na gane Hausata tana da rami. Na san Hausar kasuwa da ta masallaci da ta asibiti, amma Hausar coci ban san ta ba. Mutum ya ce ikilisiya ko baftisma ko jibin Ubangiji, ni in tsaya ina lalube, alƙali yana kallona kamar ni ne mai ƙarar. Na kai kukana wurin Malama Rifkatu, wata nas 'yar Filato da muke yawan haɗuwa a asibiti. Ta ce in dai kalmomi nake so, suna nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace Asabar da rana a Bron, wata unguwa a gefen Lyon, in je in zauna in saurara. Ta ƙara da cewa ba wanda zai kama ni ya tsoma a ruwa da sunan baftisma. Na ce mata ko sun kama, a wannan sanyin ba zan shiga ba.

Wurin wani ɗaki ne a ƙarƙashin wani ƙaramin coci, kusa da inda tiram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, ke tsayawa. Kujerun roba ne aka kewaya, ga butar shayi a gefe, ga cincin a faranti. Mutanen ba su da yawa: ɗalibai, nas-nas, da wani mai bincike a jami'a da suke kira Dokta Ishaya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Malama Rifkatu ta gabatar da ni a matsayin baƙo mai neman kalmomi. Aka yi mini sannu da zuwa yadda ya kamata, aka ba ni kujera kusa da wani mutum siriri mai rigar sanyi da ta fi ƙarfinsa. Sunansa Laminu. Ya gaishe ni da hannu biyu.

Ranar suna kan labarin almajiran Annabi Isa na farko, waɗanda su suke kira manzanni. Ga yadda na fahimce shi. Biyu daga cikinsu, Bitrus da Yohanna, suna wa'azi a Urushalima, sai manyan malaman addini na garin suka sa aka kama su, aka gurfanar da su gaban majalisa, aka hana su ƙara yin magana da sunan Yesu. Suka ce ba za su iya yin shiru ba. Aka sake kama su tare da sauran 'yan'uwansu, ran majalisa ya ɓaci har ana maganar kisa. Sai wani dattijon malami daga cikin majalisar, Gamaliyel, ya miƙe ya ce a ƙyale mutanen nan, in abin nasu na mutum ne zai mutu da kansa, in kuwa daga Allah ne ba wanda zai iya tare shi. Aka ji maganarsa, amma duk da haka sai da aka yi musu bulala kafin a sake su.

Ni dai kalmomi nake tsinta, firist, haikali, majalisa, ban sa baki ba. Da aka zo tattaunawa, Dokta Ishaya ya ɗauki dattijon nan ya yi masa kaca-kaca. A ganinsa ɗan siyasa ne kawai, bai bi manzanni ba, bai kuma fito ya kare su sosai ba, ya tsaya a tsakiya don kada rigarsa ta ɓaci. In da gaske yake, me ya sa ya bari aka yi musu bulala? Wasu suka goyi bayansa, wasu suka ce ai ko ba komai ya ceci rai. Malama Rifkatu tana ta ƙoƙarin mayar da su kan darasi, wato ƙarfin halin manzanni, su kuwa sun maƙale wa dattijo.

Can sai Laminu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Dokta, ka taɓa zama a tsakiyar tabarma, manya sun kewaye ka?"

Dokta Ishaya ya ce bai taɓa ba.

"To wanda ke tsakiya ya riga ya san abin da zai same shi. Wanda ke cikin manyan, shi ne zai ci gaba da zama da su gobe da jibi. Miƙewar nan da ya yi ba ƙaramin abu ba ne."

Daga nan aka wuce zuwa addu'a. Na lura da maganar, amma ban ɗauke ta da wani nauyi ba. Na sha shayina, na yi godiya, na kama tiram. Na koma nazarin sau biyu ko uku bayan haka har na ga na samu abin da nake nema, sai na daina zuwa.

Bayan wasu watanni, wajen ƙarshen hunturu, kamfanin da ke tura mu aiki ya kira ni cewa akwai zama a kotun masu neman mafaka, ana bukatar Hausa. Ba a gaya mana sunan mai ƙara tun da wuri. Na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris, na isa, na nuna katina, aka nuna mini ɗaki. Ina shiga na tarar da Laminu zaune kusa da lauyarsa, da rigar sanyin nan tasa.

Bari in bayyana tsarin ga wanda bai taɓa shiga ba. Mai neman mafaka yana fara kai labarinsa wani ofishi. In ofishin ya ƙi, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa wannan kotu, kuma ga yawancin mutane nan ce dama ta ƙarshe. In kotu ta yarda, ya samu takardun zama da izinin aiki. In ta ƙi, sai a ce ya bar ƙasar. Alƙalai uku ne ke zama, ɗaya yana shugabanta. Akwai wani ma'aikaci da ya karanci dosiyen mutum, wato tarin takardunsa, shi ke fara karanta taƙaitaccen labarin. Daga nan alƙalai su yi tambayoyi, lauya ya rufe. Tafinta yana zama kusa da mai ƙara, yana raɗa masa abin da ake karantawa, yana ɗaga murya in ana tambaya da amsa.

Kafin a fara na nemi izinin shugabar zaman, wata dattijuwa mai tabarau. Na shaida mata na taɓa ganin wannan mutum a wani taro a Lyon, mun gaisa, amma ban san komai game da ƙararsa ba. Wannan dole ne, ku riƙe shi: in ka san mutum, ko gaisuwa ce kawai, ka faɗa kafin a buɗe baki. Shugabar ta tambayi lauya ko tana da ja. Lauyar, wata matashiyar Bafaranshiya mai saurin magana, ta ce ba ta da ja, don in aka ɗage zaman sai an yi watanni ana neman wani mai Hausa. Aka ci gaba.

Mai karanta rahoto ya fara, ni ina raɗa wa Laminu. An ce shi makanikin babur ne daga wani gari a arewacin Najeriya, ya bar Musulunci ya zama Kirista. An ce da labari ya bazu, kawunsa, wanda shi ne limamin garin, ya tara majalisar malamai da dattawa, ya yanke masa hukunci, ya sa matasa suka yi masa duka, suka ƙona rumfar aikinsa. An ce limamin nan yana nan yana nemansa har yanzu.

Ina kaiwa nan sai Laminu ya katse ni. Ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni a hankali ko haka aka rubuta. Na ɗaga hannu na shaida wa kotu cewa mai ƙara ya tambaye ni ko haka aka rubuta, kuma zan amsa masa da e. Ko irin wannan 'yar magana ba a yin ta a ɓoye. Daga baya na gane abin da ya faru. Wani ɗan agaji ne ya rubuta masa labarin tun farkon zuwansa, da guntun Turancin Laminu da guntun Turancin ɗan agajin. Ya ji liman, ya ji majalisa, ya ji duka, sai ya haɗa su yadda Bature zai haɗa. Tun daga lokacin takardar take yawo daga ofishi zuwa ofishi, ba wanda ya taɓa karanta masa ita da Hausa.

Tambayar farko da shugabar ta yi ita ce ya bayyana yadda kawun nasa ya yanke masa hukunci.

Laminu ya ce, "Ranki ya daɗe, Kawu bai yanke mini hukunci ba. Shi ne ya hana."

A nan ne nake so ku tsaya ku duba kujerar da nake kai. Na yi shekaru ina shiga wannan ɗaki, na san abin da jimlar nan za ta jawo. Labarin da ke cikin dosiye irin wanda ke samun takarda ne: babban mai iko yana farautar mutum, ba inda zai ɓuya. Labarin da Laminu ya fara yana nufin yana da babban mutum mai kare shi a gida. Kuma duk ɗakin ba mai jin Hausa sai ni da shi. Akwai hanyoyi da yawa na sassauta magana ba tare da ka yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, duk tsohon tafinta ya san su. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, haushin mutumin da ya zo bakin ƙofa ya tsaya gyara labari. Na mayar da jimlar Faransanci yadda ya faɗe ta.

Lauyar ta ajiye alƙalaminta. Ta tambayi kotu ko za a bari tafinta ya tabbatar ya ji daidai. Shugabar ta amince, na sake tambayarsa, ya sake faɗa, na sake mayarwa.

Sai ya ba da labarin a tsanake. Gaskiya ne an tara majalisa a ƙofar masallaci, kuma kawunsa, wan mahaifiyarsa, shi ne a kan gaba, don shi ne liman. An zaunar da Laminu a tsakiya, an nemi ya janye, ya ce ba zai iya ba. Hayaniya ta tashi, matasa suka matso. Sai Liman ya miƙe ya ce ba wanda zai taɓa shi, hukuncin zuciya na Allah ne, a bar shi da Mahaliccinsa. Wasu malaman suka ce yana kare shi ne don ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce su faɗi abin da suke so. Dukan da ƙona rumfar daga baya suka faru, a bayan idon Liman, kuma dangin matarsa suka zo suka ɗauke ta da yaran. Da Liman ya ga abin ba zai lafa ba, sai ya riƙe hannun Laminu da rana tsaka, ya ratsa kasuwa da shi har tasha, kowa yana gani, ya sa shi a mota.

Ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaya ko limamin ya goyi bayan sauya addinin ke nan. Laminu ya ce ko kaɗan. Ya ce a tasha kawun ya gaya masa, "Ban yarda da hanyar da ka ɗauka ba, kuma ba zan taɓa yarda ba. Amma ba a gabana za a zubar da jininka ba."

Shugabar ta tambaya ko limamin yana raye. Ya ce yana raye. Ko har yanzu shi ne liman? Shi ne. Ko mutanen garin suna jin maganarsa? Laminu ya ce ranar dai sun ji. Na ga alƙalan uku suna rubutu. Lauyar ta yi iya ƙoƙarinta a jawabin rufewa, ta tsaya a kan dukan da gobarar da rabuwa da iyali, ta ce gyaran da ya yi shi ne shaidar cewa ba maƙaryaci ba ne. Aka ce za a sanar da hukunci bayan wasu makonni.

A waje lauyar ta roƙe ni in tsaya in mayar mata da magana guda. Ta tambaye shi me ya sa bai bari an wuce wurin ba, tun da ba shi ya rubuta ba, shiru kawai zai yi. Ba faɗa take yi ba, ta gaji ne, ta yi aiki a kan ƙarar sosai.

Laminu ya ce, "Shi ya yanka ragon sunana. In zauna a gaban baƙi a ce ya nemi kashe ni, in yi shiru? In na samu takardar da wannan, da wane ido zan riƙa kallonta?"

Na mayar mata. Ta girgiza kai ta tafi wani zaman. Ni ma na kama hanyar tasha, don tafinta ba ya raka mai ƙara.

Yawanci a nan labarinmu ke ƙarewa, ba ma jin yadda aka kwashe. Wannan karon Malama Rifkatu ta kira ni ta ce hukunci ya fito, an ƙi, kuma Laminu yana roƙon in zo ranar Asabar in karanta masa da Hausa, don ya daina yarda da guntun Turanci. Tun da aikina a kan ƙarar ya ƙare, na je a matsayin ɗan'uwa, na kuma sanar da kamfani kada a sake tura ni kan maganarsa.

Bayan an tashi daga nazari muka zauna mu huɗu, da shi da Malama Rifkatu da Dokta Ishaya. Na karanta masa. Kotu ta yarda ya sauya addini, ta yarda an yi masa duka. Amma ta ce tun da limamin garin, mai faɗa a ji, ya tsaya masa a gaban jama'a, ba a nuna cewa zai rasa kariya in ya koma ba. Dokta Ishaya ya buɗe baki zai yi magana, Malama Rifkatu ta dube shi, ya rufe.

Laminu ya ce in sake karanta wurin da aka ambaci Liman. Na sake. Sai ya ciro wayarsa ya ce yana da roƙo. Ashe a garinsu ana ta yaɗa cewa ya je ƙasar Turawa ya sayar da sunan kawunsa don ya samu takarda, kuma maganar ta kai kunnen tsohon. Yana so ni, da nake Musulmi kuma na ga abin da idona, in yi wa Liman saƙon murya in gaya masa abin da kotu ta rubuta. Na karɓi wayar, na yi sallama, na gaida Malam da iyali da jama'a yadda ake gaida manya, na faɗi ko ni wane ne, na karanta masa jimlar da Hausa, na gaya masa abin da ɗan ƙanwarsa ya faɗa da abin da faɗar ta jawo masa.

Ba mu gama shan shayi ba amsa ta shigo. Muryar tsoho ce, a hankali. Ya amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya, ya sa mini albarka. Ya tambaya ko yaron yana samun abinci, ko yana da rigar sanyi. Sannan ya ce, "Malam Isufu, ka gaya masa na ji, kuma na gode. Amma ka gaya masa kada ya dawo. Na tsufa, yanzu ba kullum ake jin maganata ba."

Laminu ya karɓi wayar ya kifa ta a kan gwiwarsa. Wannan saƙo ba ya bukatar tafinta. Malama Rifkatu ta ce za a kai wa lauya, wataƙila a nemi a sake duba ƙarar da shi. An kai. Yadda aka ƙare ban sani ba, kuma ban bincika ba, tun da na riga na cire hannuna.

To ga amsar tambayarku. Mafi wuya a aikin nan shi ne lokacin da kai kaɗai ka san abin da magana za ta jawo wa mai ita, kuma kana da ikon tausasa ta ba wanda zai gane. Za ku ji kamar taimako ne. Ku tuna ba ku san abin da mutum yake karewa ba. Ni na shiga ɗakin nan ina zaton takardar zama ce kaɗai a gaban Laminu, ashe akwai wani tsoho a ƙofar masallaci da ya taɓa miƙewa dominsa. Da na gyara masa jimlar nan, da wataƙila ya samu takarda, da kuma ni na ɓata sunan kawunsa da bakina, shi yana zaune yana yi mini godiya. Maganar mutum tasa ce, ku miƙa ta yadda ya ba ku.